Fom ɗin da Uwa Ba Ta Cikawa

Shekarar da aka yanke mana jihar Kebbi daga Sakkwato, duk wanda ya taɓa riƙe biro a Bagudo ya wanke babbar rigarsa ya hau mota zuwa Birnin Kebbi neman aiki. Ni ma na je. Na kai aji biyu na sakandare kafin mahaifina ya ce gona ta fi malamai bukatata, don haka ni ba jahili ba ne, sai dai a can an nuna mini ni ba mai ilimi ba ne kuma. Kwana tara ina yawo ofis-ofis da fayil a hammata. Wanda muka zauna benci ɗaya da shi a firamare, ina yi masa jingar makaranta yana ba ni rabin ƙosai, shi aka ɗauka. Yau yana da tumbi da direba. Ni abin da na dawo da shi gida shi ne fayil ɗin, da kuma sanin yadda ake hana mutum shiga wuri.

Abin da ban samo a Birnin Kebbi ba, matata ta samo shi tana zaune a tsakar gida. Sabuwar jiha ta jawo canjin ma'aikata, aka turo mana malaman makaranta da na asibiti, da yawansu 'yan kudu, mata da miji duk suna fita aiki da safe. Ga yara ƙanana, babu kaka, babu gwaggo. Ita kuwa matata da ma matan kasuwa na ajiye mata 'ya'yansu in za su fita, don tana da haƙurin da ni ban taɓa ganin amfaninsa ba sai lokacin. Kafin damina ta ƙare, tsakar gidana ta cika da majina. Na garinmu wajen goma, na ma'aikata shida. Ba zan yi ƙarya ba tunda girma ya zo: tuwon da na ci a shekarar, daga goyon matata ya fito, kuma mafi yawansa daga waɗannan shidan.

Wadda ta kawo shidan wata nas ce, 'yar kudu, Kirista, gajera, mai tafiya kamar ana jiran ta a wurin haihuwa. Ita ta fara kawo 'yarta mai shekara biyu, sauran suka biyo ta. In ta ce a tashi, tashi za su yi. Kowa Sista yake ce mata.

Ranar wata kasuwa ta taso daga aiki ta zo ɗaukar 'yarta, babu 'ya. Matata na tankaɗe, ko ɗaga kai ba ta yi ba ta ce ai Inna ta tafi da ita gidan suna. Inna wata tsohuwa ce 'yar Illo mai fataucin gishiri da atamfa tana tsallaka iyaka zuwa Benin kamar mai shiga bayan ɗaki, ita ma tana ajiye jikarta a gidanmu. Ta zo ɗaukar jikar, ta ga yarinyar Sista ta riƙe mata zane, sai ta haɗa su biyu ta tafi. Mu a wurinmu wannan ba labari ba ne. Alheri ne ma.

Sista ta zaga gari sau biyu a ƙafa da farin takalminta. Da la'asar sai ga tsohuwa ta dawo da yarinya a goye, an rangaɗa mata kwalli har kunne, an ƙunsa mata lalle a ƙafa ɗaya don ta ƙi tsayawa a yi ɗayar, ciki ya yi tim da fura, hannunta riƙe da ƙashin rago.

"Ga ɗiyarki, Likita. Ta ci, ta sha, ta yi rawa. Ku ba ku kai yara cikin mutane shi ya sa suke kallon mutum kamar mujiya."

Sista ta karɓi 'yarta ta juya ta gaba da baya kamar mai sayen kaza, sannan ta fuskanci matata.

"Maman yara, ni ba na faɗa. Amma daga yau ina son takarda. Kowane yaro da sunansa, da sunan mamansa, da wanda zai iya ɗauka. Kowane yaro, ba nawa kaɗai ba. Kasuwa mai zuwa in babu, zan kwashe su duka in kai wa matar da ke harabar cocinmu."

Ina zaure ina jin su. Kalmar takarda ta shiga kunnena kamar an kira sunana a rediyo. Na miƙe na kakkaɓe riga na leƙo na ce, "Sista, ki bar wannan a hannuna. Aikin ofis ne."

Matata ta dube ni. Na san kallon. Shi take yi wa yaro in ya ɗauki wuƙa.

Washegari na share zaure, na kifa akwatin sabulu ya zama tebur, na rubuta OFIS da gawayi a bango. Na je wurin mai tafireta da ke zaune a bakin kotu, na tsaya a kansa ina faɗa yana bugawa, da takardar kabon mai kwafi a tsakani, har takardun ƙarshe sai ka ɗaga su sama ka kalli rana kafin ka ga rubutu. Mai facin taya ya sassaƙa mini hatimi daga tsohon silifa. Tawadar dangwale kuwa bulun wanki na jiƙa a gwangwanin madara. Na naɗa kaina Sakatare. Ba wanda ya yi takara da ni.

Takarda iri biyu na yi, ta dokoki da ta cikawa. Dokokin yawancinsu daga ƙofofin Birnin Kebbi na kwaso su, don kwana tara na yi ina karanta su a tsaye. Ba shiga sai da izini. Ba a ganin Sakatare bayan azahar. Na ƙara nawa: an hana cizo, yaro ya zo da wandonsa, wanda ya zo babu wando uwarsa ta kawo dalili a rubuce, ba a sa wa ɗan wani kwalli ko lalle sai da sa hannun iyaye. Akwai wadda ta hana kuka tsakanin azahar da la'asar, mai tafireta ya ce in cire, na ce shi aikinsa bugawa. Ta ƙarshe ita ce uwar dokoki, na sa aka ja mata layi biyu: kowane yaro da fom ɗinsa, kuma ba mai fita da yaro daga gidan nan sai wanda sunansa ke cikin fom a matsayin uwa, ko uba, ko wakili.

Ranar da na tara iyaye, matan ma'aikata suka zo da bironsu, suka cike nasu a tsaye cikin minti biyar suka wuce aiki. Har na fara jin daɗin ilimi. Sai aka zo kan namu.

Sun zauna a tabarma a ƙofar zaure, kowa da tallarta a gefe. Na karanta dokoki da muryar da na ji wani babban akawu yana yi. Da na zo kan ta wando Inna ta ce, "Gwamna, kai da wane wando anka yaye ka? Ni na san uwarka, na san tsiraicinka har ka shekara biyar." Tun daga ranar Gwamna take ce mini. Na yi kamar ban ji ba, don a ofis haka ake yi.

Na kira ta farko. Wata yarinyar mace ce 'yar Geza da aure ya kawo ta gari, tana gasa masara a bakin tasha. Ɗanta ɗaya, bai cika shekara biyu ba, baƙi mai ƙaton kai, saboda shi na sa dokar cizo. Ta durƙusa nesa da akwatin sabulu.

"Sunan yaro."

Ta sunkuyar da kai.

"Malama, sunan yaro. Akwai mutane a layi."

Ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. "Wanga."

"Wanga wa?"

"Shi dai. Wanga yaron."

"Mi kike gare shi?"

Ta dubi ƙasa kamar ta yar da allura. "Na gidanmu na."

"Na sani na gidanku na. Wa ta haife shi?"

Matan suka ɗauki salati. Wata ta ce, "Kai Malam, ji tsoron Allah, ɗan fari na fa!" Yarinyar nan ta tashi ta bar masararta ta zagaya bayan gida, sai da aka bi ta da ita.

To ni ba baƙo ba ne. A garin aka yanke mini cibiya. Na san mace ba ta kama sunan ɗanta na fari, ba ta cewa nata ne a gaban mutane, wata ko kallonsa ba ta yi in surukai na wurin. Na san ba ta kama sunan miji. Amma da nake tsaye a kan mai tafireta, wallahi ko sau ɗaya abin bai faɗo mini ba. Fom ɗin da na gani a ofisoshi na kwaikwaya, su kuwa fom ba su da kunya. Na zauna na rubuta takarda mai layi uku a sama, sunan yaro, sunan uwa, sunan uba, na miƙa wa matan da rabinsu biyu daga cikin ukun ba za su fita bakinsu ba ko da bindiga.

Mai hankali da nan ya tsaya. Ni sai na ce doka doka ce. Wadda nata ba na fari ba ne ta faɗi sunan yaro, aka zo kan uba ta ce "mai gidanmu". Na ce wane mai gida, garin nan duk masu gida ne. Ta ce mai keken nan. Na rubuta abin da aka faɗa mini, don akawu ba ya ƙari. Na yara biyar na fari kuwa, uku Wanga, ɗaya Shi, ɗaya uwarsa ta nuna shi da haɓa kawai, na ja layi.

Da yamma Sista ta zo na miƙa mata fayil da hannu biyu. Ta buɗe ta karanta, ta sake karantawa.

"Oga Sakatare, yara uku sunansu ɗaya?"

Na yi mata bayani. Ta saurara har ƙarshe, don ita ba ta da raini, wannan zan ba ta. Ta ce a asibiti ma tana fama da haka, amma can kaka ko ƙanwar miji ke rakowa ta faɗa. Da na kama wannan maganar da na huta. Ban kama ba, hankalina na kan hatimina da ta ɗora wa gwiwar hannu. Ta ce ita dai ba ta yarda da takardar da kowa zai iya zuwa ya ce shi ne mai keke. Saura kwana huɗu kasuwa.

Na kwana ina tunani, na tashi da dabara. Tunda suna ya gagara, a yi da alama. Kowace uwa ta kawo ƙyallen zanenta, a raba biyu, rabi a maƙala a fom da allura, rabi a ɗaura wa yaro a hannu. Wadda ta zo da zane irin na hannun yaro, ita ke da shi. Na faɗa wa matata, ta ce, "Uhm." Na ce uhm ɗin mi? Ta ce ba komai, Malam, Allah ya ba da sa'a.

Babu macen da za ta yaga zanenta mai kyau don takardar wani. Kowacce ta je wurin tela ta karɓo ragowar ɗinkinta na baya-bayan nan. Ɗinkin baya-bayan nan kuwa ankon sunan nan ne da aka kai yarinyar Sista, wanda Inna da kanta ta ɗauko daga Benin ta sayar wa unguwa duka. Da safe na jera ƙyalle tara a kan akwatin sabulu, takwas kore mai zanen tattabara. Yara suka yini da kore a hannu kamar 'yan jam'iyya ɗaya, biyu suka cinye nasu. Inna ta leƙo ta ce, "Gwamna, in ka na son ƙari akwai sauran turmi biyu."

Ana gobe kasuwa, mata uku na garinmu ba su kawo 'ya'yansu ba. Suka aiko cewa su ba za su iya da gidan da ake tsare mutum a tambaye shi abin kunya ba. Ga Sista na shirin kwashe shida, ga namu sun fara zarewa. Matata ta zuba mini tuwo ta zauna nesa. Ta ce, "Malam, kafin ka buɗe ofis yara goma sha shida gare ni." Na ci tuwon, amma bai wuce da daɗi ba.

Na yanke shawarar abin da ya rage shi ne in nuna wa Sista cewa dokar gidan nan tana aiki, ko a kan wa. In ta ga tsanani da idonta, za ta yarda 'yarta ba za ta sake zuwa suna ba.

Ranar kasuwa bayan la'asar na ɗauko benci na gindaya a ƙofar zaure, na zauna da fayil a cinya. Allah ya sa wadda ta fara zuwa 'yar Geza ce, da kwanon gawayi a ka. Yaron ya hango ta daga tsakar gida ya taho da gudu ya rungume benci.

"Dakata. Wa kika zo ɗauka?"

Ta yi murmushi, ta ɗauka wasa ne. Ta miƙa hannu ta saman benci.

"A'a. Fom ɗinshi babu sunan uwa. Ni ban san ki ba a takarda."

"Malam, gida za mu."

"Ki ce ɗana na, ki hwaɗi sunanshi, ki dangwala, ki ɗauka. Magana uku."

Yaro ya fara ihu. Ya kama gwiwata ya gartsa mini haƙora huɗun da yake da su, ya karya doka ta uku a jikin wanda ya rubuta ta. Uwar ta sauke kwano ta tsuguna ta rufe fuska. Gaban rigarta ya jiƙe da nono, ga yaro na miƙo hannu, ga ni a tsakiya da fayil. Yanzu in na tuna sai in ji kamar in tashi in mari kaina, amma a lokacin ji nake ni ne babban sakataren jiha.

Masu dawowa daga kasuwa suka fara tsayawa. Sauran iyaye suka taru a baya. Sai ga Sista, sai ga Inna da ƙullin gishiri a ka. Sista ta tsaya tana kallo. Inna ta sauke kaya a hankali, ta gyara ɗaurin zane, ta leƙa tsakar gida ta saman kaina.

"Gwamna, wancan mai tsotsar yatsa a gindin randa, ɗan wa na?"

Ɗana ne. Na fari, kuma shi kaɗai a lokacin, shekararsa biyu da 'yan watanni. Yini yake cikin yaran yana ƙwace musu abinci.

Na ce, "Wannan ɗan gida na."

"Awo. Na gidanku na ke nan." Matan suka kwashe da dariya, don maganar 'yar Geza ce ta fito daga bakina. "Ina fom ɗinshi?"

"Ba ya bukata. Nan yake kwana."

Sista ta matso. "Oga Sakatare, na ce kowane yaro. Kai ma ka rubuta kowane yaro. Ga shi, ka ja layi biyu." Ta zaro biro daga aljihun farar rigarta, ta zaro sabon fom daga fayil ɗina, ta ɗora mini a cinya. "Ka nuna musu. In sun ga ka yi, za su yi."

Na ce ai abu ne mai sauƙi. Na ce a raina rubutu ba faɗa ba ne, biro ba shi da baki. Na rubuta kwanan wata. Na rubuta Bagudo. Na rubuta Jihar Kebbi da manyan baƙaƙe, na koma na ƙara wa kowane baƙi kauri. Na buga hatimi. Na hura hatimin ya bushe. Sai ya rage layin sama.

Abin bai tsaya a ɗan fari ba. Sunan mahaifina yaron ya ci, wanda ya rasu watanni kaɗan kafin a haife shi. Mutumin da ya cire ni daga makaranta, wanda na shekara goma ina jin haushinsa, kuma ban taɓa kama sunansa ba ko a cikin haushin. Na ɗora biro a kan layi. Hannuna ya tsaya cak kamar jakin da ya ga gada.

"Biron bai rubutu," na ce.

"Yanzu ya rubuta Kebbi," in ji Sista.

Inna ta ce, "Rubuta, angona. In ka gama ka tashi tsaye ka karanta muna da muryar nan ta rediyo. Sannan ka ce ɗana na. Magana uku."

Mai facin taya da ya yi mini hatimi yana cikin 'yan kallo, mai tafireta ma ya tsaya da kekensa. Yaron 'yar Geza ya gaji da ihu ya koma shessheƙa, ya jingina kansa a gwiwar da ya ciza. Ni da uwarsa muka zama iri ɗaya, kowa kansa a ƙasa, sai dai ita tana da mayafin rufe fuska ni fayil kawai gare ni.

Daga tsakar gida, inda take tsugune tana wanke wa wani gindi, matata ta ɗaga murya. Ba da ni take ba.

"Sista, wanga mai cizon, sunanshi wane. Uwarshi ga ta nan tsugune, sunanta wance. Ubanshi wane, mai gyaran rediyo. A gabana anka haife shi."

Ta faɗi sunayen uku tiryan-tiryan kamar mai kiran kaji, ta ci gaba da wankinta. Ba ɗanta ba ne, ba mijinta ba ne, me zai hana ta?

Sai muka ji wata 'yar murya daga ƙarƙashin mayafi. 'Yar Geza ce. Ba ta ɗago ba, ta nuna gindin randa da yatsa, ta faɗi sunan ɗana. Ta faɗi na matata. Ta ɗan tsaya, sannan ta faɗi nawa, a gaban kowa, ba Malam ba Sakatare. Na tabbata da gayya ta yi, kuma na ci bashin... a'a, na cancanta, in faɗi gaskiya.

Sista ta zare biron daga hannuna ba ta nemi izini ba. Ta ce in matsa. Na matsa. Ta zauna a bencina ta ɗora fayil ɗina a cinyarta ta rubuta duka biyun. A ƙasan kowane fom ta ja sabon layi ta rubuta: wadda ta faɗa. Matata ta goge hannu ta zo ta dangwala a na 'yar Geza, 'yar Geza ta dangwala a namu. Wurin sa hannun uwa kuwa, Inna ta kama babban yatsan yarinyar ta tsoma a bulu ta danna, ita kuma ta kau da kai tana kallon tasha kamar hannun na wata ne. Sannan ta sunkuci yaron ta saman benci ta saɓa a baya, ba ta ko dube shi ba, ta ɗauki kwanonta ta wuce.

Kafin magariba an cike sauran. Abin ya koma wasa, kowacce na rige-rigen faɗin na maƙwabciyarta, har da ƙarin da ba a tambaya ba, wane ba ya cin kuɓewa, wance in ta yi shiru to tana bayan rumbu tana cin ƙasa, uban wane kada a ba shi yaro ranar kasuwa don mantuwa gare shi. Sista ta rubuta duk a bayan takarda, ta ce wannan ma ya fi na gaban amfani. Ukun da suka zare suka dawo da nasu washegari, da suka ji ba mai tambayar su komai.

Takardar dokoki ta karanta ta da jan biro. Ta bar ta ɗaukar yaro, ta bar ta kwalli. Ta wando da ta kuka da ta ganin Sakatare duk ta soke. Na ce ta cizo fa? Na nuna mata gwiwata. Ta duba ta ce in wanke da ruwan gishiri.

Ba ta kwashe yaran ba. Shekara huɗu 'yarta ta yi a gidanmu har aka yi musu canji. Abin da ya fi ba ni haushi, ba a yi wata biyu ba na buɗe fom ɗin yarinyar na ga an cike layin wakili da hannun Sista, sunan Inna ne a wurin, da ƙarin bayani a gefe: ban da kwalli. Yarinyar ce ta dinga kukan sai an kai ta wurin tsohuwar. Duk tashin hankalin nan, aka dawo inda aka fara, sai dai yanzu da hatimi.

Ni kuwa ba wanda ya sauke ni daga Sakatare, kawai an daina zuwa ofis ne. Fayil ya koma ɗakin matata, wadda ko sunanta ba ta iya rubutawa. In sabuwar uwa ta zo, sai a ce ta taho da maƙwabciya, a kira ni in rubuta abin da aka faɗa in tashi. A gari kuma har yau in an tuna, cewa ake dabarar matata da Sista. Wanda ya biya mai tafireta, ya jiƙa bulu, aka cije shi, ba a ambatonsa.

Bara yaron nan na gindin randa, wanda yanzu ya fi ni tsawo kuma ya wuce aji biyu da nisa, yana neman wata takardarsa a tsohon akwati ya ci karo da fom ɗin. Bulun ya koɗe, hatimin silifa na nan. Ya kawo mini zaure yana dariya.

"Baba, Bagudo da Kebbi rubutunka ne, na gane. Amma wa ya rubuta sunana?"

Na karɓa na duba. Ga ɗigon da biron ya yi a hannuna a farkon layi, inda ya tsaya, sannan rubutun Sista ya ɗora daga nan.

Na ce, "Kai, wanga, mayar da shi inda ka gan shi."